Wanda Ya Ƙara Wa Basfa Ciki Ya Ƙara Mata Abinci

Yau zancen babur za mu yi. Na san wani zai ce ina ruwan malamin allo da kafireta? To, ruwana ya zo ne wata ranar hunturu da la'asar sakaliya, ina tsaye a gefen hanya tsakanin Safana da Batsari, ni da almajiri guda da babur wanda ya ƙi motsi, ga Dajin Rugu a hannun hagu, rana tana gangarawa cikinsa. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da irin wannan tsayuwa ta ke nufi. Bayan ranar nan na lazimci wani dattijon bakanike a birnin Katsina, na zauna gabansa yadda ɗalibi kan zauna a zaure, har na fahimci abin da ya same ni. Abin da na ɗauko a wurinsa shi na ke so in shimfiɗa muku.

Babur ɗin nan Vespa ce, wadda bakinmu ya mai da Basfa. Mahaifina ya saye ta a Kano a shekarar 1981, ni kuwa na gaje ta tare da littattafansa. Asalin irinta ƙasar Italiya. Kamfanin Piaggio, a wani gari da a ke kira Pontedera, shi ya fara ƙera ta a 1946, bayan yaƙin da dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila. Mutumin da ya zana ta, Koradino Daskaniyo, gwanin jirgin sama ne, bai ko damu da babur ba, shi ya sa ya lulluɓe inji da murfi, ya bar wa ƙafafu daɓe, har mai babbar riga ya iya hawa ba sarƙar da za ta ci masa gefe. Don haka malamai da alƙalai da ma'aikatan En'e suka so ta. Ma'anar sunan da harshensu rina, saboda siririn ƙugu da ƙugin da ta ke yi. Kamfanin Bajaj na Indiya ya karɓi izinin ƙera ta a 1960, daga baya ya fitar da tasa mai suna Chetak a 1972, ita ma ta iso ƙasar nan. Tamu ita ce samfurin da a ke kira PX, wanda ya fara fitowa a 1977.

Ka sani, ya kai mai karatu, injin babur iri 2 ne. Akwai mai bugu huɗu, irin na Boxer da 'yan acaɓa suka fi hawa. Shi wannan baƙin mansa yana cikin tukunyarsa dabam, fetur dabam, wuta kuwa ba ta tashi a cikinsa sai sau 1 cikin juyi 2. Akwai kuma mai bugu biyu, mai hayaƙi, irin na Basfa da tsofaffin Suzuki da Yamaha da Jincheng ɗin nan mai kama da Suzuki. A cikin wannan, duk juyi 1 wuta 1. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, watau wuta 100 ke nan ke tashi a bisa kan fistin cikin kowane sakan. An huda tagogi a bangon silinda, fistin ne ke buɗe su yana rufe su da jikinsa. Fetur da iska ba su zarcewa wurin wuta kai tsaye, sai sun fara shiga ɗakin da ke ƙarƙashin fistin, inda ƙarfen juyi ya ke, sa'an nan su hau ta lungunan gefe. Tun da ɗakin nan ya zama hanyar wucewa, ba dama a ajiye baƙin mai a ciki. Shi ya sa a ke gauraya mai cikin fetur.

A nan fa asirin al'amarin ya ke. Fetur a wannan inji aiki 3 ya ke yi: shi ne abincin wuta, shi ke ɗauke da man shafawa ya kai shi ko'ina, shi ne kuma ruwan da ke sanyaya fistin, gama sa'ad da ya ke komawa tururi ya kan kwashe zafi, yadda randa kan yi sanyi saboda raɓar da ke jikinta. Wanda ya rage wa inji fetur ya rage masa abu 3 a lokaci guda, alhali shi yana tsammani abu 1 ya rage.

Fistin kuwa da alminiyam a ke yinsa, irin ƙarfen da a ke zuba tukwane da shi, silinda kuma baƙin ƙarfe ne na zubi. In zafi ya taɓa su, alminiyam ya kan kumbura kusan ninki 2 na kumburin baƙin ƙarfe. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Idan zafi ya wuce kima, sai fistin ya cika ramin, ya share ɗan man da ke tsakani, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Shi ne makanikai ke cewa inji ya kama. In abin ya yi tsanani har kan fistin ya kan huje, domin alminiyam yana narkewa a ma'aunin zafi 660.

To, ga yadda na jawo wa kaina. Cikin bazarar 2024 Basfa ta gaji, ba ta iya hawa tudu da mutum 2 sai da giya ta biyu. Wani tsohon almajirina da ke sayar da kayan babur a Kano ya ji labari, ya aiko mini da sabuwar silinda da fistin da murfinta, ya ce, "Baba, wannan ta fi ta da girma, in an ɗaura za ka ji kamar doki." Gaskiya ya faɗa.

A nan ya kamata in rarrabe abu 2 da mutane ke cuɗawa. Akwai gurza, watau a kai tsohuwar silinda wurin masu injin yanka su share ramin a sa fistin wanda ya ɗara na da kaɗan. Faɗin ramin PX mai lamba 150 milimita 57.8 ne. In an gurje shi har ya kai 58.4, cikin inji bai ƙaru ba sai da kusan kashi 2 cikin 100. Ƙarfin da mutum ke ji bayan gurza tsohon ƙarfinsa ne ya komo, domin matsi ya daina zurarewa, kuma galibi ba ya bukatar a taɓa kafireta. Amma silindar da aka aiko mini faɗinta milimita 63 ne. Tafiyar fistin tana nan yadda ta ke, milimita 57, sai cikin inji ya tashi daga 150 ya koma 177 da ɗoriya, ƙarin kusan kashi 19 cikin 100. Wannan kam wani inji ne dabam aka sa cikin tsohuwar riga. Wutarsa ta fi yawa, zafinsa ya fi yawa, amma fankar da ke hura masa iska ita ce dai ta 1981, ba ta ƙaru ba.

Wani yaro bakanike a garinmu ya ɗaura ta. Da ya gama ya ce mini, "Malam, an ce a kan canja jet, amma in aka sa babba za ta zama rijiya, ga fetur yadda ya ke." Ba zan ɗora masa laifi shi kaɗai ba, gama abin da kunnena ke so ya faɗa mini. Na ce a bar shi. Jet, ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan guntun tagulla ne cikin kafireta, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da rami a tsakiyarsa kamar kafar allura. Duk fetur ɗin da inji zai sha sa'ad da aka buɗe totur ta wannan rami zai bi.

Na hau ta bazara da damina ba abin da ya faru, domin tafiyata ba ta wuce gida zuwa kasuwa, ko gona, ko ta'aziyya a ƙauyen kusa. Inji ba ya daɗewa da gudu balle ya yi zafi. Cikin Disamba aka gayyace ni ɗaurin aure a ƙasar Safana. Ana gobe tafiya na kai ta a duba. Yaron ya ga matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, sai ya cire ta ya ce ya huta da ita, ya kuma kwance salansa ya ƙone dattin da ya daskare ciki. Da ya tayar da ita, wallahi muryarta ta yi daɗi, siririya, tsaf, ba hayaƙi. Na yi murna, na ƙara masa a kan ladansa.

Walima ta ja mu har bayan la'asar. Muka kamo hanya, na murɗe totur har ƙarshe don mu shiga gari da ido. Na fara jin wani ƙas-ƙas a cikin inji, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, na ji zafi yana dukan ƙafata ta dama, ban kula ba. Da muka iso wani kwazazzabo na saki totur. Nan take ƙafar baya ta cije, ta yi ƙara, babur ya fara ja da gefe. Allah ya sa hannuna na hagu ya matse kuloci ba da tunanina ba, ƙafar ta saki, muka gangara muka tsaya. Na taka kik, ya ƙi motsi kamar an kafa shi da ƙusa. Wani manomi ya wuce da jakinsa, ya gaishe ni, ya dubi rana, ya ce, "Allah gafarta Malam, kada ku bari magariba ta same ku a nan." Muka zauna kamar rabin sa'a, ba mai cewa uffan. Da ƙarfe ya huce kik ya motsa, ta tashi da ƙyar tana kwaratsi. Da giya ta biyu muka lallaɓa, ba mu shiga gida ba sai da aka idar da lisha.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, na ɗora ta bayan motar rogo zuwa Katsina. Dattijon da aka kwatanta mini ya koyi aikin Basfa a Kano tun zamanin da ta ke tashe. Bai tambaye ni kome ba, fulogi ya fara kwancewa. Ya miƙo mini, ga bakinsa fari fat kamar alli. Sa'an nan ya zare silinda. Jikin fistin ya yi zane-zane a kusurwa 4, wajen tagar hayaƙi kuwa alminiyam ya narke ya manne a bango. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙishirwa ce. Kun ƙara mata ciki, kun buɗe mata hanci da baya, kun bar ta da cokalin da ta ke sha tun tana ƙarama." Na ce, "Baba, ai kuwa ranar ta fi kowace rana daɗin murya." Ya ce, "Haka su ke. In ka ji ta fi kullum kaifi ba gaira ba dalili, ka ji tsoro."

Na yi ta juya wannan magana, daga baya na gane dalilinta. Masana sun auna cewa fetur yana ƙonewa ƙurmus idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7. Gab da wannan gwargwado wuta ta fi zafi, murya ta fi tsabta, hayaƙi ya fi ƙaranci. Amma inji mai sanyaya da iska ba ya iya zama a nan in ana gudu. Sai an ba shi rarar fetur, iska ta koma wajen ninki 12 ko 13, domin rarar nan ta kwashe zafi. Watau tsakanin wurin da ya fi daɗin ji da wurin da fistin ke narkewa taki ɗaya ne. Kuskure ta wajen yawan fetur hukuncinsa fulogi ya yi baƙi, ka goge ko ka sayi wani. Kuskure ta wajen ƙarancinsa hukuncinsa fistin da silinda, wata rana da fatar jikin mahayi.

Dattijo ya kankare abin da ya manne a bango, ya sa sabon fistin, kibiyar da ke kansa tana duban tagar hayaƙi. Na zaci daga nan jet zai nufa, ashe da sauran tafiya. Ya ce wanda ya fara da jet alhali iska tana satar hanya, kamar mai awon hatsi ne da mudu mai huji. Sai da ya duba fakin ɗin da ke ƙarƙashin kafireta, da robar da ke tare bakin ƙarfen juyi ta wajen fanka. Alamar satar iska ita ce ka saki totur inji ya ƙi sauka da wuri, ya yi ta rataya a sama, ko kuwa ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. In robar wajen kuloci ce ta mutu, man giya inji kan zuƙa, sai ka ga farin hayaƙi mai wari, man giya yana raguwa. Ya gargaɗe ni kuma a kan ƙusoshi 2 da ke riƙe da kafiretar Basfa: in an ɗaure su da ƙarfin tsiya, jikinta kan lanƙwashe, iska ta sami hanya, totur ya riƙa maƙalewa.

Kana ya zare bututun fetur ya buɗe famfo cikin kwalba ya ga yadda ya ke zuba. Ɗis-ɗis ya ke yi. Da aka fitar da famfon daga tanki, ga tsatsa da laka sun lulluɓe ragarsa. Wannan ciwo ya yawaita a ƙasarmu tun 2021. A ƙarshen Agusta na shekarar nan gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa doka saboda ɓarayin daji, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su sayar a ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana, ta kuma yanka cewa kada a ba mai abin hawa fiye da na naira 5,000. Mutane suka saba da fetur na kwalba da wanda ya kwana a ɓoye cikin mazubi marar tsabta, dauɗarsa kuwa ba ta fita daga tanki don an sassauta doka. In famfo ba ya cika kwanon kafireta da saurin da inji ke sha, ko jet ɗin ya kai bakin rijiya ƙishirwa tana nan, kuma ba ta bayyana sai an daɗe ana gudu.

Bayan wannan ya koma kan wuta. Tartsatsin fulogi ba ya jiran fistin ya kai ƙoli, ya kan riga shi kaɗan. Masu ilmin falaki sun san da'ira daraja 360 ce, to haka a ke auna juyin inji. Tsohuwar PX mai kwantak an saita ta a daraja 21 kafin ƙoli. Da silinda babba matsi ya kan ƙaru, wuta ta fi saurin ci, sai a ja da baya. Ya mai da tawa 18. Ƙas-ƙas ɗin da na ji a hanya shi ne fetur yana fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, kowace fashewa kuwa guduma ce a kan fistin. Fulogi ma ya canja, daga NGK mai lamba 6 zuwa mai lamba 7. A wannan kamfani, gwargwadon hawan lamba gwargwadon saurin da fulogi ke zubar da zafinsa. A kula da tsawon zarensa: mai dogon zare a gurbin gajere ya kan leƙa ciki har fistin ya doke shi.

Sai a rana ta uku muka zo kan jet. Kafiretar Basfa ta kamfanin Dell'Orto ce, lambar da a ke bugawa jikin jet ɗinta kuwa kusan faɗin ramin ce: 100 na nufin milimita 1. Nawa 102 ne. Masu hisabi su lura, abin da rami ke zubarwa ba faɗinsa ya ke bi ba, murabba'in faɗin ya ke bi. Daga 102 zuwa 112 lamba ta hau da 10 kaɗai, amma filin ramin ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Wannan shi ya sa mai buɗe jet da allura ko tsinken waya ya ke aikin makaho, ɗan gurzar da ido ba ya gani ya isa ya sauya kome, ba kuma hanyar komawa.

Dattijo ya buɗe wani gwangwanin taba ya zazzage jet kala-kala. Ya fara da 116, wanda ya san ya yi yawa. Ka'idarsa ke nan, daga sama a ke sauko wa. Aka mai da matatar iska da murfin da ke tattara iskar fanka a kan silinda, aka bar inji ya yi ɗumi, yaronsa ya hau ya fita bayan gari. Da 116 in an murɗe totur sai ta riƙa bur-bur-bur kamar mai kurkure baki, ta ƙi ɗaukar gudu, hayaƙi tuli. Aka sa 114, ta rage. Aka sa 112, bur-bur ɗin ya ɓace sai ɗan saura a farkon murɗawa. Na ce a gwada 108 mana mu ji. Ya ce, "A'a, Malam. Inda tarin ya tsaya nan mu ma za mu tsaya." Kada wani ya ɗauki lambobin nan ya kai wa bakanikensa ya ce Malam ya yi fatawa. Kowane inji da salansarsa da matatarsa, lambar wani ba ta yi wa wani.

Akwai shaidu 2 bayan kunne. Na farko cok. Kana cikin gudu totur a buɗe, ka ja cok kaɗan. Cok ƙarin fetur ya ke bayarwa. In inji ya shaƙe ya yi nauyi, to da ma a ƙoshe ya ke. In kuwa ya ƙara ƙarfi kamar an tura shi, yunwa ya ke ji, ka tsaya ka sa jet babba. Na biyu fulogi, amma karatunsa yana da sharaɗi. A yi gudu da giya ta uku totur a buɗe kamar kilomita 1, sa'an nan a matse kuloci a kashe inji lokaci guda, a gangara a tsaya, a kwance fulogi nan take. Wanda ya dawo gareji a hankali ya bar inji yana silo kana ya duba, labarin silo fulogi zai ba shi. Launin da a ke nema shi ne na ƙuli-ƙulin da ya soyu. Baƙi mai danshi kamar tawada, fetur ya yi yawa. Toka-toka ko fari, kada a ƙara ko taki ɗaya. Sabon fistin ba a matsa masa da wannan gwaji da yawa, ɗan taƙi a ke yi, cikakkensa sai ya zauna.

Wani abu da ban sani ba sai a wurinsa, babban jet ba shi kaɗai ke ciyar da inji ba. Akwai ƙaraminsa, na silo, mai lamba 2 a jiki, da wani sukurun gauraya a bayan kafireta. Su ke riƙe da inji in totur yana rufe ko an buɗe shi kaɗan. Ka tuna ni a bakin kwazazzabo inji ya kama, sa'ad da na saki totur, ba sa'ad da na ke murɗe da shi ba. Inji yana kan juyi da sauri, ya yi zafi jau, na rufe masa ƙofar fetur da mai gaba ɗaya, ba abin da ya rage sai ɗan abin da ƙaramin jet ke ɗigowa. Shi ma sai da aka ƙara shi, aka warware sukurun nan kaɗan, gama a Basfa warwarewa ƙarin fetur ne. A gangara mai tsawo kuma, in ji dattijo, a riƙa matse kuloci ana ɗan murɗa totur jifa-jifa don mai ya shiga.

Masu Suzuki da Jincheng su yi hattara, kafiretarsu ta saɓa. Sukurun gefenta na iska ne, warware shi rage fetur ne. Tana kuma da wata doguwar allura mai tsaga 5 a kanta, da ɗan maƙalli. In an sauko da maƙallin tsagar ƙasa, allura ta ɗaga, fetur ya ƙaru a tsakiyar totur, inda mai kabu-kabu ke wuni. Irin waɗannan da famfon mai su ke zuwa. Wanda ya cire famfon ya koma gauraye cikin tanki, lalle ya toshe gurbinsa da kyau, kada ya zama tagar iska.

Zancen mai gajere ne. Basfa irin tawa kashi 2 cikin 100 ta ke so, watau mililita 20 a lita 1, 100 a lita 5. Sirinjin kemis ya fi murfin kwalba gaskiya. Man da aka rubuta wa 2T a ke sawa, domin an yi shi ya gauraya da fetur ya ƙone tare da shi. Baƙin man da aka juye daga mota toka ya ke bari, ya liƙe zobban fistin, ya toshe salansa. Mutane da yawa in sun ji tsoron kamawa sai su ninka mai. Ramin jet bai san mai da fetur ba, gwargwado ɗaya ya ke wucewa da shi, duk abin da mai ya cika fetur ne ya rasa, ga shi kuma ya ƙara kauri. Yawan mai ba ya maganin ƙaramin jet.

Saura mas'alar da ta fi shafar mu mutanen arewacin ƙasar nan, ita ce ta yanayi. Me ya sa babur ya yi wata 8 lafiya ya zo ya kama a Disamba? Rabin amsar na faɗa, matata da salansa da doguwar tafiya. Sauran rabin iska ce. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin tsakar ranar Afrilu, sa'ad da ma'auni ke kai 40, da sanyin hunturu in ya sauko 15, iskar da ke cika silinda ɗaya ta kan ƙara nauyi da kusan kashi 9 cikin 100. Ga ta kuma busasshiya, ba tururin damina da ke cin gurbi. Jet ɗin da ya yi daidai a bazara ya zama ƙarami a hunturu, ba wanda ya taɓa shi. Wanda zai saita sau 1 ya huta, ya saita da sanyin safiyar hunturu, in bazara ta zo abin da zai same shi ɗan nauyi ne da hayaƙi. Matata kuwa a wanke ta da fetur a shanya a mayar. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai a bangon silinda samfefa ce.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu, domin shi ne ya kasance a tawa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Na ga da idona ana zura silin wayar lantarki cikin jet don a rage shan mai, ana biyan bakanike a kan haka. A duba lissafin da kyau. Babban jet ba ya aiki sosai sai totur ya wuce rabi. Cikin gari, inda mafi yawan fetur ke ƙarewa, ƙuntata shi ba ya tsimin abin kirki. Inda ya ke tasiri shi ne buɗaɗɗiyar hanya, da kaya, da sauri, watau daidai wurin da mutumin Wagini ko Ruma ko Runka ba ya so babur ya tsaya masa. Wanda ke son tsimi na gaskiya ya nemi inda fetur ke zuba: allurar kwanon kafireta da ta gaji tana ambaliya, famfon da a ke bari a buɗe da dare, taya marar iska, birki mai kamawa. Ni kuɗin fistin da na motar rogo da na kwana 3 a Katsina sun cinye abin da na yi tsammani na tara tun bazara, har na ciwo bashi.

Da zan tafi dattijo ya kafa mini sharuɗɗa. Kilomita 800 na farko kada in wuce rabin totur sai jifa-jifa, kada in tsaya a gudu ɗaya na dogon lokaci, kada in ɗauki buhu, kada kuma in bar ta tana nishi a giya ta huɗu a kan tudu, gara in sauko ta uku ta yi juyi da sauƙi. Bayan tafiya ta farko, in ta huce sarai, a sake ɗaure notin 4 na murfin silinda, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta. Yatsu 2 kuma su zauna a kan kuloci duk sa'ad da na ke gudu.

Ya ƙunshe mini jet mai lamba 110 a takarda, ya ce in zafin Afrilu ya shigo na ji ta yi nauyi, in kawo a gwada shi a duba fulogi, in iskar hunturu ta juyo a mai da 112. Na rubuta "na bazara" a bayan takardar, na sa cikin akwatin gaba tare da fulogi guda da sifanarsa da sirinji. Ranar da na cika kilomita 800 na fita hanyar Katsina da hantsi, na yi gudun kilomita 1, na kashe, na kwance fulogi a gindin wata bedi. Launin ƙuli-ƙuli ne, ya ɗan yi duhu ta gefe ɗaya.